Abin da Ba a Faɗa a Bakin Ruwa

Zuwa ga Kawu Mamman,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da girmamawa daga ɗiyar ƙanwarka, tare da fatan kana cikin rahamar Ubangiji.

"Sa hannu kawai na ce ki yi, Hajiya, ba wa'azi ba." Abin da Injiniya ya gama faɗa mini ke nan yanzun nan, yana tsaye a kaina, ya dafa teburina da hannu biyu. Ya ce wanda ya nutsa da kansa ya fito ya ce ruwa lafiya lau, a gaban shaidu, to ni wace ce da ko bakin mayafina bai taɓa jiƙewa ba. Ya ba ni zuwa bayan azahar. Ya fita ya bar mini takardar da ƙamshin turarensa.

Na tashi, na zauna. Na buɗe taga, na rufe. Daga ƙarshe na juya bayan wata tsohuwar takardar ofis na fara rubuta maka, tunda kai ka sa mini son ruwa. Gidan waya ba ya kai saƙo inda kake, don haka jarida zan ba, wanda ya ga dama ya leƙa.

Ga abin da ake ciki. Ragar ƙarfen da ke bakin bututun dam ta toshe, kamar yadda take yi kowace damina: karan dawa, rassan itace, yagaggun tarun masunta. Famfo ya ɗauke a gari. Tun da aka yanke mana jiha kuwa Gusau ta cika da manya waɗanda ba su saba wanka da ruwan rijiya ba. Gobe da safe ana so Malam Sani, abokin nutsonka, ya goya tukunyar iska, ya sauka da zarto ya share ragar. Doka ta ce ba zai sauka yin wannan aiki ba sai an rubuta iya nisan da ido ke gani a ƙarƙashin ruwa. Ni ce mai rubutawa. Gurbin da zan cika a takardar bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Shekara huɗu na yi a jami'a ina koyon cika wannan gurbi. A ɗaura farin faranti a igiya, a zura shi a hankali har ya ɓace wa ido, sai a ƙirga ƙullin igiyar. Na ci jarrabawarsa da yabo. Babu malamin da ya tuna ya gaya mana cewa faranti saman ruwa kawai ya sani, kuma ba a sama ake yanka taru ba.

Kai da jikinka kake awo. In ka sauka, sai ka miƙa hannu, ka duba ko kana ganin yatsunka. In ka gan su, ka duba ƙafarka. In ka ga ƙafa, ka nemi Malam Sani: a nisan gaba ɗaya yake bayyana, ko a nisan gaba biyu? Ka ce awo uku ake yi, ɗaya a sama, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙasa inda aikin yake. Na ƙasan ma biyu ne, kafin mutum ya taɓa laka da bayan ya taɓa ta. Na ƙarshen nan shi ne na gaskiya, don babu mai aiki da zarto bai tayar da laka ba. Ni dai nawa in mayar da kamu da gaba zuwa mita, in sa hannu da biro mai kyau.

Amma ba a bakin ruwa kuke faɗa ba. Wannan na sani tun ina ƙarama a Furfuri, lokacin da Inna ke aikena in kai maka fura gulbi. Ko ruwa ya yi kauri kamar kunu, in aka tambaye ka kana tsaye a gaɓa, amsarka ɗaya ce, lafiya lau. Na taɓa tambayarka dalili. Ka ce, "Hajo, ba mu faɗin aibin ruwa muna kallonai. Gobe ma cikinai za mu koma." Sai kun goge jiki, kun sa riga, kun yi tafiya har ruwan ya ɓace a bayanku, sannan ake jin gaskiya. Haka ka gada, haka Malam Sani ya gada. Kowa a gidajenku ya sani. A ofishinmu babu wanda ya taɓa bin ku taki goma daga gaɓa, saboda takalmansu.

Ban taɓa faɗin abin da zan faɗa yanzu a gaban mutane ba.

Shekarata ta farko a aiki, bayan bautar ƙasa, ka fito daga ruwa kana ɗiga, gilashin fuska a goshinka. Maza shida na ofis suna tsaye, ni kaɗai mace, sabuwar jaka a kafaɗa. Na tambaye ka da babbar murya yaya ƙasa take. Ka ce lafiya lau. Ka ɗan tsaya kana kallona, sannan ka juya ka nufi hanyar gona a hankali, irin tafiyar wanda ke jiran a biyo shi. Na gane sarai. Amma in na bi ka, sai na yi wa mutanen nan bayanin dalili, su kuma su gano cewa mai digirin nan 'yar masunta ce da ke tsoron ɓata wa ruwa rai. Farantina ya ba ni mita ɗaya da rabi. Na rubuta shi, na shiga mota.

Washegari ka tafi Tsafe ta'aziyya. Aka duba takardata aka ce wa Malam Sani ya sauka shi kaɗai, ai ana gani. Bai yi musu ba, ba ya musu da takarda. Taru ya naɗe masa ƙafa a inda ko tafin hannunsa ba ya gani. Da igiyar ƙugunsa aka fizgo shi, da sauri fiye da yadda ya kamata, jini na fita ta kunnensa na hagu. Har yau in za ka yi masa magana sai ka zagaya ta dama.

Ba ka yi mini faɗa ba, kuma da ka yi da na fi samun sauƙi. Ka ce in rako ka. Muka yi ta tafiya cikin gero har dam ya ɓace, sannan ka ɗaga tafin hannunka ka kawo shi dab da hancina, har ina jin ƙarnin ruwa a jikinsa. Ka ce, "Iyakata ke nan rannan." Ka sauke hannu, ka tambaye ni ko Inna ta samu sauƙin ƙafarta.

Daga ranar ban ƙara rubuta lamba ba sai na bi ku. Suna mini dariya a ofis, suna cewa Hajiya ta tafi ganawa da aljanun ruwa. Ina tafiya da littafina, in dawo da ƙaya a zani da lambar da za a iya dogara da ita. Kai da aka yi shekaru ana tsoron ruwa zai ci, zazzaɓin kwana uku ya ɗauke ka a kan tabarmarka. Ina tsammanin kai ma abin ya ba ka dariya.

Jiya Malam Sani ya sauka dubawa. An yi ruwan sama kwana biyu a jere, duk jar ƙasar gonaki ta gangaro cikin dam. Da ya fito, Injiniya ya tare shi tun bai cire tukunya ba, ga baƙi biyu masu babbar riga a gefe. Ka san amsar da ya bayar. Kafin in naɗe igiyar farantina in bi shi, an zo da babur an ce matarsa na naƙuda, ya hau ya tafi Rawayya da rigarsa a hannu. Ya waiwayo sau ɗaya. Ban sani ba ko ni ya duba ko ruwan.

Kada ka ɗauka Injiniya mugu ne. Yana da gaskiyarsa. Na ga matan unguwarmu yau da safe sun yi layi a rijiyar masallaci, na ga maƙwabciyata tana wanke jaririnta da ruwan da ta wanke shinkafa. Kowace rana da na ƙara, su ke biya. Ya ce in na ƙi, zai rubuta a kaina, kuma akwai ofisoshi a ƙauyuka da ke neman masu digiri. Na yarda zai yi. Wataƙila ma ruwan lafiya yake, wataƙila Malam Sani ya ga ƙafarsa, ya ga ragar tun daga nisan gaba biyu, ni ce kawai nake ɓata wa gari lokaci. Ban sani ba, Kawu. Abin da ya hana ni zama ke nan. Takardar ba ta da gurbin da ake rubuta ban sani ba.

Kunne ɗaya ya rage wa Malam Sani. Bai taɓa nuna mini ya san wanda ya rubuta lambar can ba, alhali ya sani. Duk sallah sai ya aiko mini da busasshen kifi.

Ina kewarka. Ba hikimarka kawai ba, har yadda kake shan fura kana hura hanci, da yadda kake kirana Malama in kana son tsokanata. Da kana nan da ka dube ni ka ce mene ne abin rubuta wasiƙa, Rawayya ai ba Makka ba ce.

An kira salla. Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata maka shi iyakar ganin ido. Allah Ya sauki matar Malam Sani lafiya, Ya fito da shi daga kowane ruwa da ƙafafunsa. Ni kuma Ya yafe mini mita ɗaya da rabin nan. Amin.

Ɗiyarka,
Hajo

Ƙarin bayani, daga tasha, kafin mota ta cika. Injiniya ya dawo daga masallaci ya tarar ina saɓa jaka. Ya ɗaga takardar, ya ga gurbin yadda ya bar shi. Ya tambaye ni ina za ni a lokacin aiki. Na ce Rawayya, awo zan ɗauko. Ya ce ai babu dam a Rawayya. Na ce shi ya sa. Yana cikin kiran sunana na ja ƙofar, ta rufu, na sauka matakala.