Hoton Filin Maciya Amana a Ɗakin Baƙina

Malama Kayoko mai Filin Shawara,

Ki taimake ni, kaina ya ɗaure, kuma ni ban saba roƙon kowa ba. Ki yi haƙuri da rubutun nan mai kama da sawun ƙaguwa. Tun ina yaro na bar makaranta na shiga ma'aikatar gyaran jiragen ruwa, ban kuma yi da-na-sani ba, don na ga masu digiri da ko igiya ba su iya ɗaurewa ba. Marigayiya matata Fusae ce mai karanta filinki a jarida. Ni da shafin nake naɗe kifi. To yau ga ni.

Shekara ashirin da 'yan kai ina kaɗa babbar ganga a bencin magoya baya na filin besbol ɗin garinmu. Fili ne ba rufi, bencinsa na katako, iskar teku takan dawo da ƙwallon da ta riga ta kama hanyar fita, tsuntsaye su fizge maka soyayyen kifi daga hannu. A can na fara ganin Fusae tana sayar da shayin sha'ir mai sanyi. Rana tsaka masu ƙungiyar wasan garinmu suka sayar da ita ga wani kamfanin taliya. Aka kwashe 'yan wasanmu zuwa wani birni a kudu, aka sauya launin riga, aka gina musu fili mai rufi kamar murfin tukunya, da ciyawar roba. Namu aka rushe shi, yanzu kanti ne da wurin ajiye motoci. Ranar wasan ƙarshe na tsaya gaban abokan ganga na karya sandar kiɗina a gwiwa, na rantse ƙafata ba za ta taka filin maciya amanar nan ba, idona kuma ba zai kalle shi ba. Shekara talatin da biyar ke nan. In ya fito a talabijin kashewa nake yi. Taliyarsu ko a gadon asibiti da aka kawo min turewa na yi. Kantin kuwa, gara in hau keke in tafi kasuwar ƙetaren gada da in sayi ko allura a kan kabarin filinmu.

Watan jiya aka yi min bikin cika saba'in da bakwai. Jikata Nodoka ce ta shirya. Ni da Fusae muka raine ta tun rasuwar ubanta, ɗana, don haka ni ne uban. Ta zo da yaron da take son aura, Teppei, ma'aikacin gidan ruwa. Yaro mai ladabi, ya jera takalminsa a ƙofa yadda ya kamata, ya zuba min sake, giyar shinkafarmu, da hannu biyu. Can ya miƙo min wani abu mai faɗi naɗe cikin ƙyalle shuɗi, ya sunkuya ya ce, "Baba, ba wani abin kirki ba ne, hoton filin wasa ne na sa aka yi wa firam. Nodoka ta ce kai ne mai ganga."

Me zan ɗauka, Malama? Ni fili ɗaya na sani a duniya. Kuma ni ba irin 'yan zamanin nan ba ne masu yaga ƙunshi a gaban mai kyauta kamar kare ya ga ƙashi. A gidanmu ba a buɗe kyauta sai baƙo ya tafi. Nodoka ta ce, "Kaka, buɗe mana tukuna." Na ce, "Ke rufe min baki, ba haka aka raine ki ba." Daɗi ya kwashe ni, ga sake ya ɗan hau min kai. Na miƙe a gaban dangi na nuna tokonoma, gurbin girma na ɗakin baƙi, inda rubutun hannun kakana ke rataye tun kafin yaƙi. Na ce zan sauke shi in rataye wannan, kuma ranar da iyayen Teppei za su zo neman aure a ƙarƙashinsa za mu zauna. Aka yi ta tafi. Genzo mai aski, wanda shi kaɗai ya rage min cikin abokan ganga, har da share hawaye. Shi ma yana da ɗan hoton filinmu a shagonsa, rana ta cinye shi ya koma ruwan ƙasa, ya ce yau nawa ya fi nasa.

Washegari da safe na kunna wa Fusae turare, na ajiye mata shinkafarta, na ce, "Tsohuwa, zo ki ga filinmu." A gaban hotonta na kwance ƙyallen.

Murfin tukunyar ne! Ciyawar roba kore shar kamar an shafa fenti, fitilu ko'ina, dubban mutane cikin rigar nan mai launin kabewa. A gidana! A gaban matata! Na zube kan tabarma. Abin da na yi shekara talatin da biyar ina kau da kai daga gare shi, ni da hannuna na kwance shi, har da gayyatar marigayiya ta zo kallo.

Na kira Nodoka, ta zo bayan an tashi aiki. Na ce, "Wa ya aiko ki ki kashe ni? In gidan kike so, ki bari in mutu da kaina mana." Ta ce, "Kaka, zauna, kada jininka ya hau." Ta juyo hoton, ta ɗora yatsa kan gilashin. Na kau da kai. Ta ce, "Nan muke zama ni da Inna."

Inna fa ita ce Fusae. Malama, na ɗauka kunnena ne ya lalace.

Duk lokacin zafi Fusae takan ce za ta je duba ƙanwarta Tokiko mai ciwon gwiwa, ta ɗauki yarinyar su kwana biyu. Sai ta dawo murya a dishe, ta ce sanyin na'urar jirgin ƙasa ne. Ni ne fa nake dafa mata citta da zuma! Ni ne nake zagin kamfanin jirgin ƙasa! Ashe ihu take zuwa yi wa maciya amana, ni ina nan ina kankare mata citta kamar wawa. Yarinyar ta ce wai Fusae takan ce, "Kakanki fili ya aura, ni yaran nake so, kuma yaran ba su yi min laifin komai ba." Wai ta ce kada a gaya min sai bayan ranta, don ba ta da ƙarfin jin surutuna. Ban gama haɗiye wannan ba ta ƙara min wata. Teppei ɗin ma a can suka same shi, a bayansu yake zama. Fusae ce ta fara miƙa masa dunƙulen shinkafa, ta ce wa yarinyar, "Kin ga wancan? Ko an ci mu, tafa wa yaran yake yi. Irinsa ake aura." Ni ina ta murna na zaɓi suruki, ashe an gama zaɓe tun matata na da rai.

Na buga wa Tokiko waya ko za ta ƙaryata. Sai da ta yi dariya har da tari, ta ce, "Yaya, gwiwata ƙalau take, da ita nake hawa matakalar filin. Duk garinku kai kaɗai ne ba ka sani ba, kai da Genzo." Matar da na ɗauki shekaru ina aika mata man zafi.

Shekaranjiya Genzo ya zo mu buga dara, ya ga gurbin wayam, don na riga na sauke rubutun kakana. Ya ce, "Ina hoton, tsohon banza? Ko a bargo ka sa shi kana kwana da shi?" Na ce firam ɗin ake gyarawa. Mutumin da ya tsaya kusa da ni ranar da na karya sanda, yau shi nake yi wa ƙarya.

Ƙarshen watan nan iyayen Teppei za su zo, kuma yaron ya riga ya gaya musu alkawarin da na yi, uban har ya aiko da godiya. Nodoka ta ce ba za ta bari a kunyata shi ba. In hoton ba ya bango, a otal za a yi zaman, kawunta na wajen uwa ya zauna a mazaunin uba. Kawun da ko fensir bai taɓa saya mata ba! Ni da na goya ta a keke zuwa makaranta!

Gaba kura, baya siyaki. In na rataye na ci rantsuwa, in ban rataye ba na ci alkawari, na kuma rasa yarinyar. Kada ki ce min in yi haƙuri, na gaji da jin kalmar nan. Ni aka cuta, tun daga masu taliya har matar da nake kunna wa turare. Hoton yana jingine fuskarsa na kallon bango, ban ƙara duba shi ba. Shatin yatsan yarinyar ma yana nan kan gilashin, a jeri na sama kusa da wata ƙofa, ban goge ba don ba zan ɓata tsummana ba. Ki gaya min yadda zan yi.

Mai Ganga Ba Sanda

* * *

Baba Mai Ganga,

Na gode da yau shafina ya tsira daga kifi. Ba zan ce ka yi haƙuri ba, tunda ka hana.

Ciwonka na gaske ne. Wanda aka rushe masa wurin da ya yi ƙuruciya ya kuma samu mata, ba a ce masa wasa ne kawai. Nodoka ma ta yi kuskure. Magana mai nauyi irin wannan a keɓe ake faɗa wa tsoho, ba a naɗe ta cikin ƙyalle a ba saurayi ya miƙa a tsakiyar biki. Tsoronka ta ji, ta laɓe bayan yaron. Shi kuwa Teppei ba shi da laifi ko kaɗan. An ce masa kai mai gangar ƙungiyar ne, ya kawo abin da ya fi daraja a idonsa. Amma ka tuna yarinyar ta ce ka buɗe, kai ka ce ta rufe baki, kuma ba wanda ya roƙe ka gurbin kakanka. Magana zarar bunu ce, kai ka zare ta.

Game da Fusae, kada ka kira ta maciyiya amana. Matar nan ta yi shekaru tana hawa jirgi tana ɓoye murnarta don rantsuwarka ta zauna lafiya a gidanka, ba ta taɓa kunna maka wasan a talabijin ba, ta kuma shanye cittarka ba ta yi dariya ba. Abin tambaya shi ne me ya sa sai da ta ɓoye. Wannan ka tambayi kanka da safe in kana kunna turare, ba sai ka ba ni amsa ba.

Rantsuwarka kashi biyu ce. Ta ƙafa tana nan daram, ba wanda ya ce ka je, ka riƙe abarka. Ta ido kuwa, Baba, ta riga ta tafi. Ka ce ka kau da kai lokacin da ta ɗora yatsa, ka ce ba ka ƙara dubawa ba. Wanda bai duba ba, ina zai san shatin yana jeri na sama kusa da ƙofa? Kada ka sayar da mazaunin uba don gadin abin da ba ya nan.

Ka kira Nodoka ka gaya mata ta ɓata maka, ka bar ta ta ba ka haƙuri. Sannan ka rataye hoton inda ka ce, don alkawari kaya ne, kuma a gaban dangi ka ɗauka. Bayan biki ka mayar da rubutun kakanka gurbinsa, hoton ya koma kusa da na Fusae, dama nata ne. Genzo kuwa ka je shagonsa ka gaya masa da bakinka kafin Tokiko ta riga ka. Zai zage ka, ka zauna ya yi maka aski ya huce.

Kada ka baro shagon hannu rabbana. Yaba kyauta tukuici, kuma mai kiyaye al'ada irinka ba zai karɓi kyauta ya yi shiru ba. Ka ari ɗan hoton nan nasa da rana ta cinye, ka kai wa masu hoto su gyara shi su faɗaɗa, a yi masa firam daidai girman wancan. Ranar zaman ka miƙa wa Teppei a gaban ubansa, ka ce a ɗakin baƙinsu za a rataye. Shi ya kwana da filinka, 'ya'yansu su tashi suna tambayar wane wuri ne wannan mai bencin katako. Masu taliya ba su isa su rushe wannan ba.

Ina yi wa yaran fatan zaman lafiya, kai kuma tsawon rai da ƙarfin murya. Gobe da safe ka juyo hoton kafin ka kunna turare, ka gaya wa tsohuwa ka gano kujerarta. Bayan nan ka goge gilashin in ka ga dama.

Kayoko