Ƙanƙarar da Na Ɗauka da Hannuna

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da ɗan jaririnmu. Ya ƙarfin jikinki?

Yaya, an rufe shagon lemon Mama. Mutanen layinmu da dama sun kwanta da taifot, har da mai gyaran wayar nan na tsallaken titi, wanda kike tsokanata da shi. An ce ya rame kamar ba shi ba. Ma'aikatan lafiya sun zo sun ce duk marasa lafiyar a wurinmu suke shan lemo. Suka ba kowannenmu 'yar kwalba ya kawo bayan gida a gwada. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. A cikin littattafan da nake karantawa ban taɓa ganin an miƙa wa budurwa irin wannan kwalba ba.

Mutane kuwa har sun yanke hukunci, wai Inna mai wanke mana kofuna ce, don kawai zanenta ya tsufa. Mama ta ce ta zauna a gida tukuna.

Ki sa mu a addu'a.
Ƙanwarki, Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ki karanta wannan ke kaɗai.

Sakamako ya fito. Inna lafiyarta ƙalau. Ni ce.

Kin tuna taifot ɗin da na yi bara? Likita ta ce na warke, amma ƙwayar cutar ta samu wurin zama a matsarmamata, tana fita ta bayan gida, ni kuma ko ciwon kai ba na ji. Ta ba ni maganin wata guda, ta ce kar in tsallake ko ƙwaya ɗaya, kar in taɓa abincin kowa sai an sake gwaji an ga babu. Idan ya ƙi, wai sai tiyata. Ta tambayi yadda nake wanke hannu, na sunkuyar da kai. Kin san banɗaki ne kaɗai inda nake karatu ba a aike ni ba. Mama na ƙwala kira sai in cusa littafin a riga, in watsa wa hannu ruwa, in fito da gudu. Sabulu ko kallonsa ba na yi.

Abin da ya fi ci mini rai, kowa da cokali nake sa masa ƙanƙara idan Mama na kallo. Shi kuwa mai gyaran waya, da yatsuna nake zaɓo masa mafi girma in ƙara masa. Iyakar yadda na iya gaya masa abin da ke raina ke nan.

Mama ta ce in ja bakina, sunan 'ya mace ba ya wankuwa. Za ta sallami Inna da ɗan abin hannu, magana ta mutu. Inna fa jikoki take ciyarwa da aikin nan.

Taki, Auta

Yaya,

Ina gaishe ku duka, Allah ya sa kuna lafiya.

An buɗe shago jiya. Inna ta zo ɗaukar bahonta, sai matar mai kanti ta janye ɗanta daga kusa da ita, tana cewa wasu ko kunya ba su da ita. Inna ta ɗauki bahonta za ta wuce. Ni da ko ciniki ba na iya yi da ƙarfi, sai na ji muryata a bakin ƙofa tana faɗin ba Inna ba ce, ni ce, kuma ina shan magani. Mai gyaran waya yana zaune a benci, kwana biyu da sallamarsa daga asibiti. Ya kalle ni, ya tashi ya tsallaka titi.

Mama ba ta yi mini magana ba har yanzu. Yaran layi sun fara kirana da sunan cutar.

Amma da safen nan ƙarar kofuna ce ta tashe ni. Na leƙa, Inna ce a bakin famfo ta dawo aikinta, ta naɗe hannun riga. Ta harare ni ta ce in tsaya daga can nesa, uwar 'yan karatu, sannan ta tambaya ko na sha maganin safe. Ta ƙi juyawa sai da ta ga na haɗiye.

Ƙanwarki, Auta