Ƙafafun Keken da Ka Aiko

Yaya Bukar,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya Legas? Ya Anti Falmata da yara? Mu nan Gashua sai godiya. Inna dai jikin nan ne, yau sauƙi gobe kwanciya.

Yaya, keken tseren da ka aiko ya ba ni wuya. Ramukan hanyar Dagona sun lanƙwasa ƙafar baya, ga bawul ɗinsa siriri, duk garin nan ba mai facin da famfon iskarsa ke kama shi. Ranar Juma'a a kafaɗa na ƙarasa da shi ƙauyen Dagona wurin Inna, maganin Inna a aljihuna, ita tana can tana juyi.

Na je Nguru neman wasu ƙafafun. Mai shago ya miƙo marasa nauyi masu sheƙi, na ce, "Malam, ba gasa zan shiga ba." Na ɗauki masu araha, masu kaurin taya da bawul irin na kowa.

Kada ranka ya ɓaci. Keken ya yi muni, ya yi nauyi, gwiwoyina sun shaida. Amma jiya na isa kafin Inna ta fara cigiyata.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa.

Ƙaninka,
Modu