Motoci Sun Koma Ƙofar Buba

Hamma,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya Adda da yara, ya zafin Maiduguri? Mu nan Jimeta sai godiya.

Allah ya saka wa masu gyaran hanya, sun tuna da mu. Sun tare babban titi da ganguna za su zuba kwalta, wai na ɗan lokaci, an karkatar da motocin Ngurore ta lungun baya. Ka tuna ranar rabon gado na zaɓi shagon gaba, aka bar wa ƙaninmu Buba na baya, inda awaki ke kwana? To, yau a ƙofarsa fasinja ke sauka. Har sukarin da ya jiƙe ya sayar, ni kuwa ina gadin ganguna. Jiya ya leƙo da sabuwar hula, wai, "Yaya, ko in karɓi kayanka in sayar maka?"

Ba ƙyashi nake ba, jinina ne. Amma direbobi sun fara sabawa da inuwar ceɗiyar da ke ƙofarsa.

A gaida Goggo, a sa ni a addu'a. Kai da ka san halin direbobi, ko an buɗe titin, wa zai bar inuwa don kwalta?