Takubban kara

Daren Talata, Filinge

Har yanzu raina bai kwanta ba. Direktan lakwal ɗinmu ya dawo daga Yamai da wani littafi mai hotunan ƴan fashin teku, ya ce in shirya wasan kwaikwayo da ƴan ajina, sufeto na zuwa jibi. Yaran da ko kogin Kwara ba su taɓa gani ba. Na ce mishi akwai ƴan gudun hijira cikinsu. Ya ce, "Madam, ai wasa ne."

To, munka yi gwaji. Na yi musu takubba da karan hatsi, sunka naɗe kai da fuska da ƙyalle, benci ya zama jirgi. Da sunka taso da ihu, sai Hadiza ta shige ƙarƙashin teburina, ta jiƙa zanenta da fitsari. Shekararta biyar, bara iyayenta sunka gudo daga wani ƙauye wajen Abala, ƴan bindiga bisa moto, watau babur, sunka kore su. Na jawo ta, ta raɗa mini, "Madam, ina sunka aje moto ɗinsu?"

Na kai ma direkta maganar, ko kai bai ɗaga ba. Wai ranar zuwan sufeto a zaunar da ita gindin dogon yaro har a ƙare. Watau yarinyar za a fitar, ba littafin ba.

Takubban duk na kwaso su gida. Da su na dafa tuwon dare. Jibi in shina son su, shi zo shi tone toka.