Wanda Yake Koya Wa Nawaf Jifa a Nakkasa

Assalamu alaikum Sa'adatu, ƙanwata. Ni ce Khadijatu, matar yayanki, daga Makka. 'Yata Jawahir ce ke rubutawa, ni nake faɗa, kin san ban yi boko ba. Ina fata kina lafiya, ke da yara da jikoki. Yaya Sakkwato, yaya ciwon gwiwar nan taki? Allah ya sawwaƙe, ya sa kaffara ne. Mu nan alhamdulillahi. Tun da aka rushe mana gida a unguwar Nakkasa muna unguwar Rusaifa, a wata shagga, wato ɗakunan haya a bene, hawa na uku. Ni dai ba na sauka sai da dalili.

Wata magana ce ta hana ni sukuni, kuma ke kaɗai za ki iya warware min ita. Kin san jikana Nawaf, ɗan Jawahir, angona da nake tsokana. Ya gama karatu a ƙasar Turawa, ya dawo yana aiki, shekararsa ashirin da bakwai. To ya dawo mana da wani wasa. Faifai ne na roba, kamar wanda muke rufe ƙwarya da shi, sai a tsaya nesa a wurga shi ya je ya faɗa wani kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi. Na ce masa, ango, duk karatun nan murfin ƙwarya ka koyo? Ya yi dariya ya ce in bari ya ƙware, da shi zai biya sadakina. Ba shi da fili sai wurin da aka rushe mana, can yake zuwa bayan la'asar da kwandonsa a bayan mota. Wata biyu yana dawowa da ciwon kafaɗa, rai a ɓace. Wai faifan ba ya nisa, sai ya tashi sama ya karkace ya faɗo. Yana jingine jawwal ɗinsa, wato wayarsa, a dutse yana ɗaukar kansa, ya dawo ya yi ta kallo, bai gane inda yake kuskure ba.

Ran nan ya shigo da murna, ya ce wani tsoho ya gyara masa. Ya ture tabarma ya nuna mana a tsakar ɗaki. Ya ba bango baya, ya saƙalo ƙafar hagu ta bayan ta dama, ya ɗan durƙusa, ya dire ta daman, ya bari nauyin jikinsa duk ya koma kanta, sannan ƙugu ya juya, hannu ya biyo a ƙarshe. Sa'adatu, kofin shayin da ke hannuna sai da ya zube. Haka yayanki yake loda kayan alhazai a saman bas, wallahi babu bambanci. Shekara nawa ina kai masa abinci tasha ina kallonsa. Ƙattin da suka fi shi jiki suna ɗagawa da hannu suna nishi, shi kuwa sai ya juya haka, ka ga ƙunshi ya tashi ya sauka a saman mota kamar an ajiye shi. Kullum yana yi wa sababbi faɗa, wai suna jifa tun ƙafarsu ba ta sauka ba, nauyinsu yana baya, za su kashe kafaɗarsu a banza. Abin da Nawaf ya ce tsohon ya gaya masa ke nan. Kuma yaron nan da Hausa ba ta zauna a bakinsa ba, sai ga shi yana maimaita maganar da Sakkwatanci irin naku.

Na ce ya nuna min tsohon a jawwal. Ya duba, ya duba, babu. Ashe kullum a bayan jawwal ɗin yake tsayawa. Sai dai inuwarsa a ƙasa, doguwa, kafaɗar dama ta fi ta hagu sauka. Kin san wanda dako ya yi wa haka. Duk lokacin da Nawaf zai dire ƙafa sai a ji murya ta ce ya sauka tukuna, sannan ɗan tari biyu. Na sa aka maimaita min har Jawahir ta karɓe abin ta kashe. Nawaf ya ce bai taɓa ganin ta inda yake fitowa ba, wurin kuwa fili ne fetal, sai tarin duwatsu. Kuma yanzu faifan yana nisa sosai, amma duk inda ya kafa kwandon, jifan farko wuri ɗaya yake sauka. Ya kwatanta min, kusa da wani guntun matakala mai shuɗin fenti. Ni na shafa wannan fentin da hannuna. Ƙofar gidanmu ce.

To ga tambayata. Shekara talatin da ɗaya ke nan da aka yi kamen marasa iƙama, takardar izinin zama, aka mayar da yayanki gida. Bayan shekara biyu wani alhaji ya kawo min kaset da muryarki, kina kuka kina cewa ya rasu. Na yi takaba, na yi sadaka, na ce halas, shi ke nan. Amma yanzu da nake tunawa, ba ki faɗi wanda ya yi masa wanka ba, ba ki faɗi inda aka binne shi ba, ni ma kunya da kuka ba su bar ni na tambaya ba. Kin ga gawarsa da idonki, ko ke ma gaya miki aka yi? Don girman Allah kar ki ɓoye min. In ya rasu, to abin da ke tsaye a filin nan ba shi ba ne, sai in hana Nawaf zuwa ko da zai yi fushi da ni. In kuma da ransa, to na yi wa mai rai takaba, na bar shi yana yawo a kango.

Abin da ya sa nake gaggawa, jiya tsohon ya tambayi Nawaf ko Hajiyar Tudu har yanzu tana cika citta a shayi. Ba wanda ya taɓa kira na haka sai mutum ɗaya, shi ma sai in mu biyu ne. Ya ce a zo masa da ni ranar Juma'a bayan la'asar. Jawahir tana rubuta wannan tana rantsuwa ba za ni ba.

Ki gaida min ɗanki Hudaifa da matarsa, da Suhaila, da duk wanda ya san mu. Jawahir za ta ɗauki hoton takardar nan ta tura wa Hudaifa, ya karanta miki yau ɗin nan, kar ya bari sai gobe. In amsarki ba ta iso kafin Juma'a ba, ni dai zan sauka. Na riga na daka cittar.

Taki har kullum,
Khadijatu