Ba a Faɗa wa Baƙo

Yaya,

Ina gaishe ki, ina tambayar jikin Inna. Kada ƙunar dutsen gugar nan ta dame ku; na fara iya alwala da kaina.

Shugabar ɗakin wankin da nake aiki ta zo dubiya, ta ce abokan aikina suna jiran in yi "rejoin" ɗinsu. Na tambayi ma'anarsa. Ta yi dariya, ta ce, "Komawa cikin mutanenki. Ai ba a faɗa wa baƙo."

Tun ranar nake tuhumar zuciyata: yaushe na zama tasu? Na yi wa Inna alkawarin ba zan saba da kowa a nan ba har in dawo. Ki roƙa mini gafararta. Da na kwanta jinya na yi kewarsu, saboda haka ban cika shi ba.

Ƙanwarki